Mai Taɓarya a Bayan Dodo

Damina ce da ta zo a makare. Sau biyu muka yi shuka a gonarmu ta hanyar Manga, ta farko rana ta ƙone ta, ta biyun ce ta kama da ƙyar. Abin da na fi tunawa da shekarar shi ne sauraro. Mutanen Zuru suna sauraron hadari ta bayan duwatsu, maigidana yana sauraron rediyo, ni kuma ina sauraron waya, domin ɗana na fari soja ne, kofur, an kai shi wani wuri mai nisa da ba ya son faɗin sunansa.

In ya kira, minti biyu ne. "Mama, ina kwana? Lafiya lau nake. Ina cin abinci. A gai da Baba." Kafin in haɗa tambaya ta biyu ya ce ana kiransa. Ubansa, wanda ya bar aikin soja yana saje, ya ce haka soja yake magana, ranar da ya wuce haka to a fara damuwa. Ni dai na san yaro mai surutu na haifa, wanda sai an roƙe shi yake yin shiru a ci tuwo. Ban san inda suka kai mini wannan yaron ba.

Da ya zo hutun mako biyu na gano inda surutun ya koma. Ranar Lahadi da la'asar na same shi a gindin mangwaro, abin ji a kunne, waya a kwance a hannu biyu, yana ihu yana dariya har da buga ƙafa.

Na ce, "Da wa kake faɗa?"

Ya ce, "Wasa ne, Mama."

Ya yi mini bayani a gurguje. Su biyar ne, kowa a garinsa. Duk Lahadi ƙarfe huɗu suke haɗuwa a cikin waya, kowa da ɗan mutum-mutuminsa, su shiga kogo su yaƙi dodo, suna jin muryar juna. Shugabarsu wata malamar makaranta ce a Dirin Daji. Akwai wani tela a Bena mai harbi da baka, akwai wani mai jifa da wuta wanda ba ya yawan magana. Shi ɗana mai garkuwa ne, shi yake tsayawa a gaban dodo ya sha duka domin sauran su samu su yi aiki. Na ce a raina, ko a wasa ma bai samu aikin zama ba. Na biyar ɗinsu shi ne mai magani, mai warkar da waɗanda aka ji wa ciwo, kuma ya bar su a makon nan.

Sai ya dube ni yana dariya ya ce, "Ko za ki shiga, Mama? Ke da kike son jinyar mutane."

Na ce zan shiga. Dariyar ta tsaya, amma ya riga ya faɗa.

Ya sa mini wasan a wayar da ya saya mini, ya nuna mini masu magani iri biyu. Ɗaya siririya ce cikin farar riga, da littafi a hannu, tana tsayawa can nesa tana aiko da magani. Ɗayar gajera ce kakkaura, tana riƙe da wani dogon itace mai kauri a kai da gindi. Na ce, "Wannan ai taɓarya ce." Ya ce sanda ce ta yaƙi, kuma wannan matar tana da wuyar sarrafawa, in ɗauki mai littafin. Na ce littafi a girma na koye shi, taɓarya kuwa tun ban kai tsawonta ba nake riƙe ta. Haka na zaɓi aikina, da ido, kamar yadda ake zaɓen kaza a kasuwa.

Sauran kwanakin hutunsa shi ya yi ta yawo da matar nan a cikin wayata har ta yi ƙarfin da za ta bi manya. Ranar da zai koma ya kafa mini sharaɗi ɗaya. Ya nuna mini wani ɗan hoto a gefen allo, ya ce abin magana ne. "Kada ki taɓa shi, Mama. Ki ji kawai. In suka san uwata ce, na shiga uku."

Lahadin farko na dawo daga coci, na sauke tukunya da wuri, na zauna a bakin ɗaki na sa abin ji a kunne. Sai ga muryarsa, ta da, wadda na sani. Da fari yana ɗan tauna magana, ya san ina ji. Amma da yake ban ce uffan ba, kafin rabin awa ya manta da ni, kamar yadda ake manta da kujera a ɗaki. A awa ɗayan nan na ji abin da ban ji ba a shekara guda. Na ji takalminsa yana matse masa ɗan yatsa. Na ji wake suke ci safe da yamma har ya fara mafarkinsa. Na ji akwai wata yarinya mai sayar da kati da yake sayen katin da ba ya bukata a wajenta. Wata Lahadin kuma na ji tela ya tambaye shi wani abokinsa, sai ɗana ya ce a bar maganar, a shiga kogo. Ban san abin da ya faru ba, amma na san wanda zan sa a addu'a a makon.

Awar nan ita ce abin da nake da shi, kuma tun ranar farko na fara hanyar rasa ta, domin ban iya aikin ba.

Ni a sanina, in maza suka jeru a gona ranar gayya, mata suna gefe a inuwa da kunu da ruwa. Wanda ya gaji ko fartanya ta sare shi, shi yake zuwa, ko ya ɗaga hannu a kai masa. Haka na yi. Na tsaya a bakin kogo da taɓaryata ina jira a bukace ni. Ashe ita wannan matar ba ta da magani a jaka. Sai ta doki dodo wani koren haske yake fita daga jikinta ya shiga wanda ya fi jin ciwo a kusa da ita. In ba ta yi duka ba, babu wanda zai warke. Ni kuwa 'ya'ya biyar na raina ban taɓa ɗaga wa ɗaya hannu ba, har maƙwabta suna kawo ƙarata wajen maigidana. Da na gaya masa yadda aikin yake, sai da ya rage muryar rediyo don ya yi dariya da kyau. Ya ce, "Ke da ko akuya sai kin ba ta haƙuri kafin ki kore ta daga kan shanya?"

A cikin kogo kuwa ba dariya ake yi ba. Kowa yana da ɗan layi a samansa mai nuna sauran ransa, ina kallo layukan suna ƙanƙancewa ɗaya bayan ɗaya.

Malama ta ce, "Kai mai taɓarya, kallo ka zo yi? Mu kawo maka kujera?"

Tela ya ce, "Kofur, wanga yaro ina ka samo shi? Ko bashi ake bin ka aka ba ka shi riƙo?"

Na kasa kunne in ji abin da ɗana zai ce. Ya yi gyaran murya ya ce, "Wani ɗan unguwarmu ne. Ku yi haƙuri da shi, ba shi da wayo sosai."

Na yi wata tara da shi a ciki, na goya shi har gona, ga shaidar da ya ba ni. Ban ji haushi ba. Na ga dai ya iya ƙarya ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, abin da ban san ya koya ba.

Da na gane sai an shiga fili, sai na shiga, amma na nufi inda zuciyata take. Na je na tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗana a gaban dodo. Shi yana da garkuwa da rigar ƙarfe, ni ina da zane da taɓarya. Dodon wani ƙaton abu ne mai kan bijimi, in ya kawo hannu sau ɗaya sai ya share duk wanda ke gabansa. A Lahadi ɗaya na mutu sau bakwai. Duk lokacin da na faɗi, sauran su biyo ni, a koma bakin kogo a sake. Tela ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin mai magani da ake fara yi wa jana'iza ba.

Ranar Litinin saƙo ya shigo mini a cikin wasan, daga malama, da Hausa. Shekara uku na yi a ajin yaƙi da jahilci domin in karanta wasiƙa da kaina ba sai na nemi wani ba, kuma wannan ce wasiƙar farko da baƙo ya taɓa rubuto mini. Na bi ta da yatsa a hankali. Ta ce ita ba ta da matsala da ni, amma mutane suna sayen data da guminsu. Lahadi mai zuwa in ban tsaya a bayan dodo na yi aikina ba, za su nemi wani. A ƙarshe ta ƙara da cewa in ina makaranta in dage da karatu, don ba kowa ne Allah ya yi wa wasa ba.

Na kai wa maigidana. Ya sa tabarau ya karanta, sannan ya ɗauki tsinke ya share ƙasa da tafin hannu. Shekara da shekaru ban ga fuskarsa ta yi haske haka ba. Ya zana dodo, ya zana ɗanmu a gaba, ya zana ni a baya wajen wutsiya.

Na ce, "Daga nan ai ba zan gan shi ba."

Ya ce, "Ba a ce ki gan shi ba. Mu a daji, mai ɗaurin ciwo da ya tsaya kallon ɗan'uwansa shi yake kashe mutane. Ki tsaya inda aka sa ki."

Na ce, "Kai ba ka haife shi ba ne?"

Ya ce, "Na haife shi, shi ya sa nake sauraron rediyo."

A garin da ke cikin wasan akwai wani mutum-mutumin ciyawa da aka kafa don koyon duka. Makon nan duk, in na dawo daga gona na watsa ruwa, sai in zauna in yi ta dukansa. Madannai uku ne. Da na daina kallonsu na fara jin su da kunne, sai na ga ashe lugude ne: biyu marasa nauyi, ɗaya mai nauyi, a ɗan ja numfashi, a sake. In aka yi gaggawa sai a rikice, kamar yadda taɓare suke karo in sabuwar amarya ta shiga daka. Matar fasto ta wuce ta gan ni na duƙufa a kan waya ina motsa baki, ta ce Allah ya ƙara mini ƙwazon karatun Littafi. Na ce amin.

Lahadi ta zo da yayyafi, na shiga ɗaki na zauna kusa da taga inda sabis ya fi kamawa. Da aka shiga kogo na zagaya na tsaya a bayan dodo. Babu abin da nake gani sai ƙaton baya da wutsiya. Ɗana yana can ɗaya gefen, muryarsa kawai nake ji. Na fara daka. Biyu, ɗaya, numfashi. Koren hasken ya fara fita yana bin mutane, layukan da suka saba ƙanƙancewa suna komawa su cika. Ban san lokacin da na fara jin daɗin dukan ba, kuma wannan ban gaya wa matar fasto ba.

Tela ya ce, "A'a! Yau yaron nan ya ci abinci."

Malama ta ce, "Kada ku yabe shi, zai lalace. Ci gaba, mai taɓarya, haka nake so."

Layin dodo ya yi ƙasa, bai fi faɗin farce ya rage ba. Ba su taɓa kai shi nan ba. Kowa yana ihu. A cikin ihun ne ɗana ya yi tari. Tun farkon shiga ya yi sau ɗaya na ƙyale, ya yi na biyu na cije. Wannan na ukun daga ƙirji ya fito, mai nauyi, irin wanda ya taɓa kwantar da shi yana ɗan shekara shida har muka kwana huɗu a asibiti. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Yatsana ya bar madanni ya tafi gefen allo.

Na ce, "Wannan tarin tun yaushe? Ka sha wani abu kuwa?"

Mai baka ya daina harbi, mai wuta ya tsaya da wutarsa a hannu. Dodo, wanda shi kaɗai ne bai ji kunya ba, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya kwantar.

Can tela ya ce a hankali, "Kofur. Muryar wa na ji?"

Ɗana ya ja numfashi. "Mamata ce."

"Wace mamar?"

"Wadda ta haife ni."

Tela ya yi salati. Ya ce, "Mama, ki yafe mini don girman Allah. Wallahi ban sani ba. Kofur, Allah ya isa tsakanina da kai, mako biyar kana ji ina zagin uwarka!"

Malama kuwa ta ce, "Mama, ni ce na rubuto miki ki dage da karatu?"

Na ce ita ce, kuma shawara ce mai kyau, na gode. Na ce kada kowa ya damu, wasa ne. Na sake tambayar tarin. Ɗana ya ce, "Mura ce, Mama. Lafiya lau nake." Da muryar minti biyu ya faɗa.

Ba a kore ni ba. Ai da an kore ni da na san abin da zan yi kuka a kai. Lahadin da ta biyo, gaisuwa kaɗai ta ci minti goma. Ina wuni Mama, ya gida, ya Baba, ya damina, ya ƙafa. Tela da bakinsa ba ya hutawa ya koma kamar mai karanta sanarwa a coci. In na yi kuskure na jawo mana mutuwa, sai su yi ta rige-rigen ɗaukar laifin. Malama ta daina ba ni umarni, sai ta ce, "Mama, in ba damuwa, ko za ki ɗan matsa hagu?" Kafin ta gama ladabin wuta ta cinye ni. Ɗana kuwa daga "to" sai "na gani". Ban ƙara jin labarin takalmi ba, ban san inda aka kwana da mai sayar da kati ba.

Na roƙe su. Na ce su saki jiki, su yi kamar da, ni ban ji zafin komai ba. Tela ya ce, "Mama, ko uwata ce ta ce in zage ta, ai ba zan iya ba." Ban ga laifinsa ba, domin abin da na yi shekaru ina koya wa nawa 'ya'yan ke nan, ga shi iyayen wasu ma sun yi aikinsu da kyau.

A Lahadi ta uku bayan sun gane ni muka kashe dodon. Ya faɗi, ƙasa ta girgiza, akwatin lada ya buɗe. Na taɓa jin ihun da suka yi a kan ƙaramin dodo, har sai da na cire abin ji daga kunne. Wannan karon malama ta ce, "Mun gode Allah. Sannu da ƙoƙari, Mama." Suka haɗa baki suka bar mini duk abin da ke cikin akwatin, har da wata hular ƙarfe da na san tela ya yi wata biyu yana ambatonta.

A nan na ce musu idona ya fara ciwo, ga aikin gona ya taso, zan ajiye wasan. Suka yi ta roƙo in zauna, roƙo mai kyau, irin wanda ake yi wa baƙon da ya riga ya sa takalmi. Na sa musu albarka, na rufe abin magana, na shiga neman inda ake fita. Ni da madannai sai a hankali, su kuwa sun ɗauka na tafi.

Tela ya ce, "Ta fita?"

Ɗana ya ce, "Ta fita." Sannan ya saki wata dariya tun daga ciki. "Wallahi mako uku ban yi numfashi ba! Kai tela, ɗan banza, ina bakin naka ya shiga?"

Suka kaure, kowa yana magana a kan ta wani. Malama ta ce su yi dariya su gama, amma a san cewa mai magani kamar Mama sai an tona. Za ta ari wani su lallaɓa zuwa bayan girbi, in an samu wanda ya iya tsayawa a bayan dodo, ko daga ina yake, a kawo mata shi. Na ji ɗana ya fara cewa, "Kun san yarinyar nan mai kati," daidai lokacin da yatsana ya sami madannin da yake nema. Allo ya koma baƙi.

Da yamma na ba maigidana labari muna cin tuwo. Ya gama ci, ya wanke hannu. Ya ce, "Bayan girbi ta ce?" Na ce haka ta ce.

Washegari da safe na saki awaki, na ɗora koko, na ɗauko masa tabarau. Da layinsa muka buɗe sabon wasa, shi yana karanta Turancin ni ina dannawa. Na zaɓi mai magani mai sanda, amma namiji, na sa masa gemu har ƙirji da tabo a kumatu. Aka ajiye shi a ƙofar garin farko, ba takalmi, ba hula, sandarsa kamar ta korar kaji. Wani tsoho a bakin ƙofa ya ce in kashe masa ɓeraye goma. Maigidana ya ce gona fa tana jira. Na ce ya yi gaba da fartanya, ina zuwa, saura bakwai.